Gurbin Kwatance

Mu uku ne a wani ɗaki saman shagon tela a unguwar Maamobi, ƙarshen shekarun casa'in, da kwamfutoci masu ƙugi kamar injin markaɗe. Maigidanmu ne ya samo aikin. Wani ƙaramin asibiti a unguwar Nima, kusa da mu, na son manhajar da za ta riƙa nuna yaran da lokacin rigakafinsu ya wuce, da inda za a same su. Ni kaɗai ce mace, aikina na farko ke nan. Na ukunmu wani dogo ne ɗan unguwar Kotobabi, gwani ne, ya kuma san shi gwani ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Kwamfutocin ba a haɗe suke ba. Kowa da kwafin rumbun bayanan a faifansa, ran Alhamis Dogo ya haɗa su wuri guda. Rumbun kuwa tebura ne, kowane tebur da gurabensa: suna, ranar haihuwa, adireshi. Ba wanda ya taɓa cewa a yi shawara kafin a canza gurbi.

Ni na fara laifin, gara in faɗa. Harafi goma sha biyar aka ware wa adireshi, wai don lambar gida. A Nima wa zai ba ka lambar gida? Sai na faɗaɗa gurbin a nawa faifan, ban gaya wa kowa ba, na yi mako uku ina bin wata nas lungu-lungu ina rubuta kwatance: bayan masallaci, tsallake kwata, ƙofa ta biyu bayan mai koko. Takalmina ɗaya a can ya tsinke.

Babbar nas ta riga ta kafa mana sharaɗi. Ran Litinin za ta zaɓi yaro ɗaya, ta bi abin da na'ura ta ce. In ba ta same shi ba, su koma katinsu na takarda, mu kuma mu san inda muka nufa.

Ran Alhamis Dogo ya zuba bayanaina a cikin nasa teburin mai ƙaramin gurbi, na'ura ta datse duk abin da ya wuce harafi goma sha biyar. Muka buga takarda, sai ga rabin yaran unguwa duk a "bayan masallaci" suke.

"Chale, abokaina, wane masallaci?" in ji Maigida. "Nima masallaci nawa ne? Wa ya taɓa tebur?"

"Sista ne," in ji Dogo, yana nuna ni. "Bai faɗa mini komai ba koraa, ko kaɗan."

Na ce, "Kai kuma fa? Wannan sabon gurbin na nau'in allura, aljanu ne suka ƙara?" Ashe shi ma ya yi nasa a ɓoye, shi ya sa rahotona ya ƙi buɗewa. Maigida ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni kam hawaye ne suka cika mini ido, sai da na tuna faifaina na cikin jaka da kwatancen cikakku.

A ranar Maigida ya aika aka sayo littafin makaranta a wani shago da ke ƙasa, ya kafa doka. Duk mai son canza gurbi sai ya faɗa da baki bayan azahar, muna cin waakye, wato shinkafa da wake. In mun yarda a rubuta da lamba, mu uku mu sa hannu, sannan kowa ya bi lambobin bi da bi a nasa kwafin. Sai da muka yi rabin awa muna gardamar canjin wa zai zama na ɗaya. Nawa ne ya zama, don na fi Dogo baki. Aka faɗaɗa gurbin, muka sake zuba kwatancen daga faifaina.

Ran Litinin babbar nas ta sa yatsa a kan sunan wata yarinya, ta ce mini, "Mu je, 'yata." Tana gaba da takarda, ina biye da ita. Muka wuce masallaci, muka tsallake kwata, ga mai koko, ga ƙofa ta biyu. Uwar na wanki a tsakar gida, yarinyar na goye a bayanta. Nan take aka kwance ta aka yi mata allurar, ta tsala ihun da ya fito da maƙwabta. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba.