Tabarmar Sada da Karfasar Kabo

Malam Sada ɗan Audi, mutumin wani ƙauye kusa da Tafashiya, ya gaji sarautar ruwan Tafkin Marke daga mahaifinsa a shekarar da aka sami 'yancin kai. Sarauta ce ƙarama, ba rawani ba doki, amma tana da rana guda a shekara wadda idon gari duka ke kan mai ita. Idan bazara ta yi, ruwa ya ja baya, akan shimfiɗa tabarma a bakin tafki. Sarkin Ruwa ne ke fara shiga da homarsa ta kamun kifi, ya yi ta lalube har ya samo ɗaya daga kowane irin kifi, ya jera su, ya kira sunan kowanne, liman ya yi addu'a, sannan a ba jama'a izinin shiga su, wato kamun kifi. Da tsawon wannan jere ake auna darajarsa. A shekararsa ta farko Sada ya jera iri goma sha ɗaya, da tarwaɗa da kurungu da kawara da gaiwa, har da minjirya wadda sai da ta kashe masa hannu sau biyu kafin ya fito da ita.

Da zamanin man fetur ya zo, aka gina madatsar ruwa wajen Kunduru. Malaman gona suka kawo 'ya'yan karfasa a durom suka zuba, suka ɗauki Kabo, taubashin Sada, ya kula da ita. Kabo kuwa bai taɓa iya riƙon homa ba. Amma kafin shekara biyu, shi ke shiga kasuwar Kankia da kwando biyu a bayan keke, mutane na kiransa Sarkin Kifi. Wannan suna shi ya tsaya wa Sada a maƙogwaro.

"Sarkin Ruwa, ina kifin?" in ji Kabo wata ranar kasuwa. "Ko sunayensu za ka kira muna mu ƙoshi?"

"Kai dai taubashi, abin da aka kawo a durom kamar kananzir, har shi ma kifi ne?"

"Shi dai ake ci. Naka sai dai a zo kallo."

Aka yi dariya, Sada ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙori ba. Ranar kasuwa ta gaba, da ya tabbata Kabo ya tafi Kankia, sai ya ɗora tulu biyu a kan jaki kamar mai neman ruwa, ya kwaso 'ya'yan karfasa daga madatsar, ya juye su a Tafkin Marke. Nufinsa jerensa ya zama goma sha biyu, kwandonsa kuma ya fi na Kabo cika.

Shekara biyu abin ya yi masa yadda yake so. Sai aka yi babban fari, tafkin ya koma taɓo, kifi ya mutu da yawa. Da ruwa ya dawo, karfasa ce ta fara murmurewa, domin tana renon 'ya'yanta a baki, kuma ba ta jiran damina kafin ta sake haihuwa. Ta cika tafkin, ta cinye abinci, ita kanta ta tsumbure ba ta wuce tafin hannu. Kawara ta ɓace, kurungu ya bi bayanta. Jeren ya sauka zuwa bakwai, daga nan biyar.

A su na shekara ta shida da zuba karfasar, Sada ya yi lalube tun hantsi har rana ta take, ya fito da iri uku: tarwaɗa da karfasa da gaiwa. Kabo ya tsuguna, ya dubi ta tsakiya.

"Wagga ai na san uwatta," ya ce. Sannan ya rage murya. "Taubashi, ambaliyar bara ta shigo min da kurungu da kawara cikin madatsa, can ruwa ya fi zurfi. Ka aiko da tulu in zuba maka."

"Sarkin Ruwa ba ya roƙon kifi wajen mai gadi," in ji Sada, ya naɗe tabarmarsa.

Amma bayan kwana bakwai jakin ya sake kama hanyar Kunduru. Sada yana tsakiyar ɗiba ya hango Kabo zaune a gindin gawo, ashe bai je kasuwa ba. Kabo ya dube shi, ya juya masa baya, ya shiga gyaran sarƙar kekensa da ba abin da ya same ta. Sada ya cika tulunansa ya tafi. Wannan juya baya ya fi masa kowane zagi ciwo, kuma har ya bar duniya bai yi wa Kabo godiya ba.

Jeren ya farfaɗo zuwa shida, a nan ya tsaya. Minjirya ba ta ƙara fitowa ba, amma duk shekara sai Sada ya bar gurbinta a ƙarshen tabarma, ya kira sunanta, sannan ya ce liman ya yi addu'a.