Lai Bi-hun da Wadanninta Arba'in

Kafin masu madarar waken soya su sauke tukunyar farko, Lai Bi-hun ta riga ta jingine babur ɗinta a ƙofar wata gonar furanni ta garin Houbi. Ta wanke hannu har gwiwa, ta sa safar roba, ta zauna gaban kwalabenta. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki, yau kuma ita ce ranarta ta ƙarshe.

Aikinta ba na mai garaje ba ne. 'Ya'yan furen okid take ɗauka tun suna kamar ƙwayar gero, ta jiƙa su a kolcisin, gubar da ke sa ƙwayoyin gadon tsiro su ninka biyu. Galibi mutuwa suke yi. Waɗanda suka sha kuwa sai su fito gajeru, da kaurin ganye da nawar girma mai ban haushi. Sai an shekara biyar ake ganin ladan: fure mai faɗi, mai tsoka, wanda ba ya saurin yaushi.

Da Tek-an ya gaji gonar daga mahaifinsa, sai ya bi dokar masu rainon furanni: tsiron da ya makara a zubar. Ya tsaya kan tukwanen tsironta arba'in, aikin shekara uku.

"Anti, waɗannan wadannin fa? Sai cin taki, ko kunya babu. Gobe bola."

"Kai ma sai da ka shekara uku kafin ka buɗe baki, ban ga uwarka ta zubar da kai ba."

"Ni dai na faɗa."

Ta koma kan kwalabenta. Washegari mu ma'aikatan gonar muka tarar da tukwanen jere gaban teburin Kakan Ƙasa, gunkin da mutanen garin ke bauta wa, inda ake kai lemo da turare a kusurwar rumfa. Duk Houbi babu mai ƙarfin halin taɓa abin da aka ajiye masa. Tek-an ya zo da baro, ya yi turus.

"Haba Anti, kin haɗa ni da wanda ya fi ƙarfina."

"Ga shi nan, ka gaya masa da bakinka."

Ya juya da baronsa wayam, mu kuma dariya kamar cikinmu zai yi ciwo.

Bayan shekara biyu, bakwai suka yi fure. Ɗaya fari ne, faɗinsa ya kai tafin hannu, ya wata uku bai sunkuya ba. Jikokinsa ne yanzu ke cika jiragen ruwa zuwa kasuwannin waje, amma babu sunanta a kwali ko ɗaya, kuma wannan yana yi mini zafi.

Bi-hun, ke ce mai haƙurin dafa dutse. Ke kika koya mana cewa nawa ba lalaci ba ce. Mun gode, a huta lafiya. Masu tasowa, kafin ku ɗauki baro, ku tuna da ita.

Ɗazu na leƙa kusurwar. Sababbin wadanni tara ne a gaban teburin, kuma Tek-an ne ya jera su da hannunsa.