Kwabban Ƙarƙashin Sikeli

Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana gyaran sikeli a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai faci da mai yankan makulli, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Baba Sikeli. Mutum ne marar yawan magana. In ka kawo masa sikeli ba ya tambayarka abin da ya same shi. Kife farantin yake yi, ya bi ƙarƙashinsa da yatsa.

A nan yake samun su. Akwai 'yan kasuwar da kan manna tsohon kwabon da aka daina karɓa a ƙarƙashin faranti da kwalta, don awo ya ƙara nauyi. Shi kuwa sai ya sa bakin wuƙa ya ɓamɓare, ya ɗaga wa mai sikelin.

"Wannan fa?"

"Wallahi Baba haka na saye shi."

"To madalla. Tunda ba naka ba ne, ya samu uba."

Ba wanda ya taɓa cewa a mayar masa. Da haka tarin ya soma: masu huda a tsakiya, masu tauraro, da wani jan kwabo mai kauri da hoton sarki mai gemu, wanda rubutunsa ya gagari kowa a layin. Daga baya mutane suka riƙa kawo masa na cikin akwatunan kakanninsu. Kowanne sai ya naɗe shi a 'yar takarda, ya jefa cikin gwangwanin madara.

'Yarsa ta fari ta gama karatu ta kama aikin jinya a asibiti, shi ya sa yake kiranta Nas. Da albashinta na farko ta sayo masa wani kundi mai baƙin bango, shafukansa na roba mai laushi, kowane shafi da ƙananan aljihuna. Tunda yake, ba a taɓa yi masa kyauta irin wannan ba. Ya juya shi, ya sake juyawa.

Kwana uku ya yi yana jera kwabban a ciki da hantsakin da ya naɗe wa baki da auduga. Ya san ƙarfe, ya san gumin hannu da danshi su ne ke kashe shi. Saboda haka ya rufe bakin kowane aljihu da salatif, ko iska kada ta shiga, ya kuma kafa doka: daga yau yatsa ba zai sake taɓa kwabo ba, har nasa. Kundin ya cika kafin kwabban su ƙare. Ragowar, waɗanda yake da irinsu biyu ko uku, suka zauna a gwangwani cikin takardunsu. Kundin kuwa ya sa shi a akwatin ƙarfe a saman sif, dab da rufin kwano, inda ya fi ko'ina zafi a ɗakin. A ganinsa can ne danshi ba zai kai ba.

Shekara goma sha takwas, kullum da safe sai ya sauko da shi, ya bi robar shafi-shafi da farin ƙyalle. Da ta fara dushewa ya riƙa ɗiga wa ƙyallen man keken ɗinki don ta yi sheƙi. A cikin shekarun nan yanar ido ta rufe masa gani, ya bar shago. Kwabban suka koma masa wasu duhu-duhu masu zagaye, amma ya san mazaunin kowanne da ka.

"Malam," in ji matarsa wata rana, "robar nan kama hannu take yi. Kuma wani kore-kore nake gani a ciki."

"Idonki ne kore."

"Nawa dai yana gani."

"Ke da ko zare ba kya iya zurawa a allura? Je ki, girkinki na ƙonewa."

Ta tafi, ba ta sake tayar da zancen ba.

Bayan ciwon da ya kwantar da shi wata biyu, ya tashi ƙafa ɗaya na ja, ya kira Nas ya zaunar da ita.

"Gida na haya ne, shago na haya ne. In na tafi ba abin da za a nuna a ce ni na bari sai wannan. Ina so a kai shi gidan ajiye kayan tarihi, a sa shi cikin gilashi, yara su gani. In sun ga dama su rubuta sunana a ƙasa."

Nas ta yi ta zirga-zirga har aka turo wani jami'i, siriri mai tabarau. Ya zo da hantsi. Baba Sikeli ya sa rigarsa mai kyau, ya miƙa masa kundin da hannu biyu. Nas ta fita sayo wa baƙo lemo, uwarta na tsaye a bakin labule.

Jami'in ya buɗe shafin farko, ya ƙura masa ido. Ya buɗe na biyu, robar ta rabu da 'yar uwarta da wata ƙara kamar ana ɓare filasta. Ya kai hancinsa ya shinshina.

"Baba, ka yarda in yanka guda ɗaya?"

"Yallaɓai, ba a buɗe su."

"Dole sai an buɗe."

Ya sa reza a aljihun jan kwabon nan mai sarki. Kwabon ya ƙi fitowa, sai da ya ɓamɓaro shi, ya fito da wani koren yauƙi manne a jikinsa. Ya goga da auduga, ya duba da madubin ƙara girma. Ya yanka na biyu, ya yanka na uku, sannan ya ajiye rezar.

"Baba, ka yi haƙuri. Irin wannan robar mai laushi, in ta sha zafi tana tsattsafo da wani ruwa mai cin tagulla. Da bakin a buɗe yake da da sauƙi. Kai kuma ka toshe, suka kwana cikinsa shekara da shekaru. Ya ci fuskar har ciki."

"Duka?"

"Ban ga wanda ya tsira ba. Da takarda ka bar su, da suna nan lafiya lau. Wa ya haɗa ka da kundin nan?"

Tsohon ya juya kai wajen ƙofa. Daga waje ya jiyo ƙarar takalmin Nas.

"Ni na saya," ya ce. "Don Allah Yallaɓai, zancen roba ya tsaya a nan."

Nas ta shigo da kwalba a hannu, ta ga audugar nan kore shar a kan tebur. Ta dubi kundin, ta dubi ubanta.

"Baba, me ya faru? Ba dai kundin ba ne?"

"Man keken da nake shafawa ne ya tsuma ya shiga. Uwarki ta yi magana, na ƙi ji."

"Na faɗa maka kuwa," in ji matar daga bakin labule, idonta a ƙasa. "Kai da taurin kai kamar dutsen awo."

Jami'in ya cire tabarau ya shiga gogewa. Kafin ya tafi aka nuna masa na gwangwani. Ya warware takarda biyar ko shida, duk garau, kowane harafi a fili. Ya ce suna da kyau, sai dai irinsu sun cika musu durowa. Ya sha rabin lemon, ya yi sallama.

Nas ta durƙusa gefen kujerar ubanta.

"Kada ka damu, Baba. Ƙarshen wata zan sayo maka sabon kundi irinsa, mu jera na gwangwanin. Man ne kawai za mu bari."

"A'a Nas. Bar su a takardarsu, sun saba."

Da ta koma wurin aiki, ya laluba kan tebur har ya samu jan kwabon, ya ɗauke shi da yatsunsa. Rabonsa da taɓa shi shekara goma sha takwas. Ya bi shi da babban yatsa a hankali, yadda yake bin ƙarƙashin faranti, yana neman gemun sarkin. Ramuka kawai ya ji, ƙanana-ƙanana, kamar itacen da gara ta ci.

Washegari da safe ya ce a sauko masa da kundin, don Nas takan biyo ta gaishe su kafin ta wuce asibiti. Ta same shi zaune da farin ƙyallensa busasshe, yana bin robar shafi-shafi.