Wayar Hajiya Rabi

Har gobe ban manta da ranar da Hajiya Rabi ta aiko a kira ni ba. A farkon shekarun 1980 ne, ina ƙaramin akawu a ofishin tarho na Funtuwa. Aikina karɓar fom: na mai son sabon layi, na mai son a mayar masa da layi wani wuri, na mai kawo ƙara. In na duba na buga hatimi, sai fom ya wuce wurin shugabanmu, Mista Femi, daga nan ya tafi wurin masu hawa falwaya su ja waya. Ku da kuka tashi da waya a aljihu ba za ku gane ba. Lokacin gidajen da ke da tarho a garin kowa ya san su.

Ɗaya daga ciki gidan Alhaji Mamman mai auduga ne. Allah ya yi masa rasuwa a kakar shekarar, kuma ba a yi sati biyu ba sai ga babban ɗansa, Sani, a gaban teburina. Ya ce yana son a ɗauke tarhon daga gida a kai shagonsu na bakin kasuwa, don dillalan Gozaki da Ƙarfi su riƙa samunsa.

To, ga yadda ƙa'idar take. Layin gida daban, layin kasuwanci daban. In aka mayar da na gida na kasuwanci, sabuwar yarjejeniya ce ta shekara biyu, ba a sake motsa layin sai ta ƙare. Kafin a yi haka kuwa, dole akawu ya ɗauko fayil ya ga sunan wa ke ciki. Ni ban ɗauko ba. Duk garin nan "wayar gidan Alhaji Mamman" ake ce mata, ga kuma babban ɗa, uban ko arba'in bai yi ba. Da wane ido zan ce ya kawo shaida? Na yi masa ta'aziyya, ya sa hannu, na buga hatimi har ina jin na yi aikin lada.

Bayan sati uku Inna Talatu, ƙanwar Hajiya Rabi matar marigayin, ta shigo ofis ta ce yayarta na kira. Na bi ta. Hajiya tana takaba, saboda haka na durƙusa a ƙofar ɗakinta, ita tana ciki bayan labule.

"Isiyaku, kai ne?"

"Ni ne, Hajiya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. An ce kai ne mai hatimi. Me na yi maka, ɗan nan?"

Na ce, "Subhanallahi, Hajiya, me ya faru?"

Ta ce, "Wayar nan da sana'ar man gyaɗata na sa ta, shekarar da aka kai 'yata Binta gidan miji Ikko. Duk Juma'a in an sauko masallaci takan kira ni. Ubanta ya rasu tana da tsohon ciki, ba ta samu zuwa ba. Yanzu ta sauka, namiji. A bakin Sani na ji, kamar labarin maƙwabta. Na ce ya maido min da abina, ya ce ofis sun ce sai shekara biyu. Ni da ko zaure ba na leƙawa sai na cika wata huɗu da kwana goma, bakin kasuwa zan tafi in ji muryar 'yata?"

Ba ta ɗaga murya ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Na koma ofis na ɗauko fayil ɗin. Ga sunanta ɓaro-ɓaro, ga inda ta dangwala yatsa. Na kai wa Mista Femi. Shi Bayarabe ne amma haifaffen Funtuwa, Hausarsa ta fi tawa daɗi, kuma in zai yi maka faɗa sai ya fara da tsokana. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Malam Isiyaku, yaushe aka naɗa ka alƙali ban ji ba? Har ka fara rabon gado?"

Na ce, "Oga, na yi kuskure. Amma shekara biyun fa? Mun riga mun shigar."

Ya ce, "Wace shekara biyu? Mai layi ta sa hannu? To yarjejeniyar da mai abu bai amince ba, babu ita, ko hatimi goma ka buga. Mu muka cire, mu za mu mayar, kuma ba fom ɗin da za ta cike. Ɗauko takardar tuhuma biyu."

"Biyu, Oga?"

"Ɗaya taka, ɗaya tawa. Ni ma ai na sa hannu ban duba ba."

Aka kira Sani. Da ya ga fayil ɗin sai ya riƙe baki. Ya rantse bai taɓa sanin wayar ba ta mahaifinsa ba ce, na kuma yarda da shi, don marigayin ma bai taɓa gyara wa kowa ba. Mista Femi ya miƙa masa sabon fom ya ce ya nemi layin shago da sunansa, ya bi layi kamar kowa.

Ranar Laraba ke nan. Ma'aikatanmu suna da aiki a Malumfashi, amma Mista Femi ya dawo da su. Ranar Alhamis suka yini a kan falwaya cikin rana, Inna Talatu tana aiko musu da fura. Aka sanar da masu haɗa kira cewa lambar ta koma gida.

Juma'a ana saukowa daga masallaci na wuce gidan, wai zan gwada layi. Gaskiya ba gwaji ya kai ni ba, kasa zama na yi. Na durƙusa a inda na durƙusa rannan. Shiru, har aka kusa la'asar. Na fara tunanin ko Binta ta gaji da samun yayanta a shago ta daina kira. Sai tarhon ya yi ƙara.

Na ji Hajiya ta ce, "Binta?" Daga nan kuka kawai suke yi. Can sai Hajiya ta ce, "Kawo shi kusa in ji." Ashe sunan marigayin aka sa wa yaron, ita kuwa ba ta taɓa kama sunan mijinta ba tun da aka ɗaura musu aure. Kukan jaririn har inda nake ina jiyo shi siriri ta cikin tarho. Sai ta yi dariya da hawaye ta ce, "Maigida, sannu da zuwa. Ka same ni a ɗaka."

Na tashi na fita ba sallama, don kada Inna Talatu ta ga fuskata.

Na yi shekaru a aikin nan bayan haka, har na zauna a kujerar Mista Femi. Manya sun zo min a madadin ƙanana, maza a madadin mata, kowa da kyakkyawar niyya, kuma galibi gaskiya suke faɗa. Amma ku sani, wanda aka fi sauya wa abinsa ba da saninsa ba shi ne wanda ba zai iya zuwa gaban teburinku ba. In bai zo ba, ku tashi ku je ku tambaye shi.