Mai Baji da Sabon Faifai

Duk wanda ya yi makaranta a unguwannin nan cikin shekara ashirin da suka wuce ya yi yawo da aikin Mai Baji a ƙirjinsa, ko bai sani ba. Shi ke ɗinka bajin da ake liƙa wa aljihun rigar makaranta: buɗaɗɗen littafi, fitila, alƙalami, da taken makaranta a ƙasa da ƙananan haruffan da ba mai tsayawa karanta su sai shi. Shagonsa na ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai ɗinkin labule da mai yanka makulli. Rabin ɗakin injin ɗinki ya cinye shi, wani ƙato mai kai huɗu. Sauran rabin na tebur ne da kwamfutar da ke ba injin umarni, wata fara da tsufa ya mayar da ita ruwan ƙasa. Baƙo a bakin ƙofa yake tsayawa, ba don rashin mutunci ba, sai don babu inda zai sa ƙafa.

Ba da kwamfuta ya fara ba. Shekara goma sha huɗu ya yi yana taka keke a wani kamfanin ɗinka yunifom. Da kamfanin ya durƙushe aka yi gwanjon kayansa, sai ya sayar da ɗan filin da ya gada ya sayi injin da kwamfutarsa, 'yan uwa na cewa ya zautu. Ma'aikacin da ya zo ya haɗa masa su, kwana biyu ya yi yana koya masa, ya kuma rubuta masa doka uku a bayan kwali. Kar a kashe kwamfuta daga bango. Kar a bar yara su sa mata wasa. Duk mako a kwafe zane daga ma'ajin da ake kira C zuwa wanda ake kira D, don in ɗaya ya lalace ɗayan na nan. Mai Baji ya manna kwalin a bango, ya riƙe dokokin nan fiye da yadda ya taɓa riƙe maganar likita.

Gaskiyar magana bai san kwamfuta ba. Hanyarsa ya sani a cikinta, kamar mutumin da ya san hanya daga gida zuwa kasuwa a garin da bai taɓa zagawa ba. Amma a kan wannan hanyar ba wanda ya kama ƙafarsa. Kowane baji sai ya zauna ya zana shi a allo da maus, ɗigo bayan ɗigo, ya nuna wa allura inda za ta shiga, inda za ta juya, inda za ta sassauta don kada yadi ya tattare. Baji ɗaya yakan ci masa kwana uku. A haka ya tara zane sama da ɗari shida. Mutum ne mai taurin kai da yawan gyara, yana iya warware aikin yini guda saboda wutsiyar harafi ɗaya, matarsa kuwa ta daɗe da daina jiransa da abincin rana.

Shekara huɗu da suka wuce ciwon suga ya taɓa masa ido. Ya daina ganin ɗigon da ke allo, ya daina karɓar sabon zane, bai kuma faɗa wa kowa dalili ba, sai ya ce aiki ne ya yi masa yawa. Tsofaffin zanen suka ci gaba da ciyar da gidan. Makaranta ta aiko da yadi, ya buɗe bajinta, ya danna, inji ya kama aiki. Abin da ke cikin kwamfutar nan shi ne idonsa na da, shi ma ya san haka.

Wata Litinin, saura mako uku a koma makaranta, ga ɗaurin yadin makarantu goma sha ɗaya jibge a bayan ƙofa, ya kunna kwamfuta ta ƙi tashi. Sai wani ƙas-ƙas take yi daga ciki, allo baƙi ƙirin. Ya kashe ya kunna ya fi sau ashirin. Ya ɗan bubbuga gefenta yadda yake yi wa inji in zare ya sarƙe, ko gezau. Sai da rana ta raba sannan ya haƙura ya kira 'yarsa.

Ita ce ta biyu a 'ya'yansa, injin nan ne ya yi mata karatu, yanzu ita ke kula da kwamfutocin wani ofis. Uwata yake kiranta. Ta zo daga wurin aiki da jakarta, ta durƙusa ta kara kunne a jikin kwamfutar, ta ɗago.

“Baba, faifan ajiya ne ya mutu. Amma tukuna, zanen bajin fa, kana da ajiyarsu?”

“Duk Alhamis, tun kina firamare. Ko ta makon jiya ban tsallake ba.”

“To alhamdu lillahi. Sauran mai sauƙi ne, sabon faifai za mu sa.”

Tambaya ɗaya ta rage, ina ajiyar take, ba ta yi ta ba. Ta ɗauka wani abin ajiya ne yake ɓoyewa a gida, don ta san ubanta da ɓoyon kaya.

Sauran bai zo da sauƙi ba. Irin faifan da ya mutu, mai nauyi mai juyawa da faffaɗan baki, an daina kawo shi. Ta zaga kasuwar kayan kwamfuta, masu shago na yi mata dariya, ɗaya ya ce ta gwada wurin masu sayen ƙarafa. Ta dawo da irin na yanzu, wani siriri mara nauyi da ba abin da ke motsi a cikinsa. Mai Baji ya auna shi a tafin hannu ya ce, “Uwata, an cuce ki, kwalin kawai aka ba ki.” Bakinsa kuma bai dace da na kwamfutar ba, sai da ta koma ta nemo ƙaramin katin da zai haɗa su.

Washegari ta sa faifan CD na tsohuwar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya. Uban ya ajiye shi shekara da shekaru a cikin leda uku a aljihun tebur mai makulli. Allo ya yi shuɗi, rubutu ya yi ta gudu, can ya tsaya cak. Ta karanta masa: wai ba a ga faifan ajiya a wannan kwamfutar ba.

“Ba a gani ba kamar yaya? Ga shi nan, ni ma da idona ina ganinsa.”

“Baba, lokacin da aka yi manhajar nan ba a ƙirƙiro irin wannan faifan ba. Ba ta san shi ba. Sai an ba ta wani ɗan fayil da zai gabatar mata da shi.”

“To ba ta mana.”

“Ba ta karɓa sai ta fulofi.”

“To sa mata sabuwar manhajar, irin ta ofis ɗinku.”

Ta yi ajiyar zuciya. Sabuwar manhaja ba ta san injinsa ba, ba ta buɗe shirin da yake zane da shi, kamfanin da ya ƙera injin kuma ya daɗe da rufewa. Tsohuwa ta san inji ba ta san faifai ba, sabuwa ta san faifai ba ta san inji ba. Da Mai Baji ya ji bayanin, a karo na farko ya gane cewa abincin gidansa a kan abin da duniya ta bari a baya yake rataye.

Fulofi, ɗan faifan roba mai kusurwa huɗu da aka daina amfani da shi tun tuni, shi ya cinye musu yini na uku. A ƙarshe wata tsohuwar mai buga takardu a bakin kotu ta zaro musu guda goma daga ƙasan akwati, ta ce su tafi da su, ta gode da aka rage mata tarkace. Bakwai sun lalace. Na takwas ya karɓi fayil ɗin. Da manhajar ta ga faifan kuma sai girmansa ya ruɗa ta, dole 'yar ta yanko mata ɗan yanki daidai wanda hankalinta zai ɗauka. Sau biyu aikin yana kaiwa rabi yana rushewa. Ita tana zaune a kan kujerarsa gumi na bin wuyanta, shi yana tsaye a kanta yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Sau ɗaya ta ce, “Baba, don Allah ka ɗan je ka sha iska,” ya je bakin ƙofa ya dawo.

A rana ta biyar da la'asar kwamfutar ta tashi. Ta sa shirin zane, ta haɗa wayar inji, kawuna huɗun nan suka motsa tare suka koma mazauninsu. Mai yanka makulli ya leƙo ya yi musu barka. Mai Baji ya yi dariyar da ya kwana biyu bai yi ba, ya ce ta tashi ta ba shi kujerarsa. Ya kawo fuska daf da allo, ya bi hanyar da ya saba. Ya ga C. Ya duba gefensa, ya duba ƙasa.

“Uwata, ba ki mayar da D ba.”

“Wane D?”

“Inda nake ajiya mana. Yana nan kusa da C.”

Ta dubi tsohon faifan da ke kan tebur, wanda ta ciro da hannunta ranar Litinin, kuma ta san shi kaɗai ta tarar a cikin kwamfutar. Ta tambaye shi a hankali ko an taɓa yi wa kwamfutar gyara. Ya ce sau ɗaya, shekara goma sha ɗaya ke nan, D ya ɓace, ya tayar da hankali, wani mai gyara ya tafi da ita kwana biyu ya dawo masa da D ɗinsa lafiya lau.

Nan ta gane. Da can faifai biyu ne da gaske, dokar da ke bango daidai take. Da na biyun ya mutu, sai mai gyaran ya cire shi, ya raba ɗayan gida biyu, ya sa wa rabin suna D, don ya huta da mitar dattijo. Shekara goma sha ɗaya Mai Baji yana kwashe kaya daga wannan kusurwar ɗaki zuwa waccan, yana ganin wani gida yake kai su.

Ta faɗa masa. Sai da ta maimaita sau biyu.

“Amma ban taɓa tsallakewa ba,” in ji shi.

“Na sani, Baba.”

“Ko ranar da aka kwantar da mamanku a asibiti, sai da na zo na yi.”

Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, don shekara nawa tana shigowa shagon nan, minti ɗaya ya ishe ta ta duba, ba ta taɓa yi ba, shi ma ban da mai gyaran nan bai taɓa barin kowa ya taɓa ba.

Sun kai tsohon faifan wurin wani mai ceto bayanai a can cikin gari. Ya buɗe shi ya nuna musu da 'yar tocila: fuskar faifan ta kakkarce, garinta na ƙyalli a gefe. Ya tambaya ko an yi ta kunna shi bayan ya fara ƙara. Mai Baji ya sunkuyar da kai. Mutumin ya rufe ya miƙo musu, ya ce su yi haƙuri.

'Yar ba ta sallama nan da nan ba. Ta nemi masu zanen zamani, suka aiko da gwaji, tsohon shirin ya ƙi buɗe irin fayil ɗinsu. Sai ta ɗauki hutun kwana uku ta ce ita za ta zama idonsa. Suka zaro wani tsohon baji daga kwandon rarar aiki, yana faɗa tana sa ɗigo. Amma abin da hannu ya sani baki ba ya iya faɗarsa duka. Yana cewa ta ɗan kwantar da ɗinkin, ta tambaye shi nawa, ya ce kaɗan dai. A yini na uku suka sa inji ya ɗinka. Ya ciro bajin ya bi shi da babban yatsa: littafin ya tattare a tsakiya, haruffan sun cure wuri ɗaya.

“Ba laifi ai, Baba, don na farko ne.”

“Uwata, koma bakin aikinki kar su kore ki. Wannan ko a rigar ɗan maƙiyina ba zan sa shi ba.”

Ranar Talata mai kula da sito na ɗaya daga cikin makarantun ya zo karɓar kaya, mutumin da suka yi shekara goma sha shida suna hulɗa. Ya tarar da inji a goge tas, kwamfuta a kunne ba ƙara ba tsaiko, ta ma fi da sauri.

“Malam, an gama?”

“Ba a fara ba. Ba kuma za a fara ba.”

Ya faɗa masa gaskiya a taƙaice, bai yi wa kowa ƙorafi ba. Sannan ya kwatanta masa shagon wasu samari masu sabon inji a bayan tashar mota, waɗanda a da ko sunansu ba ya son ji.

“Ka ce musu koren naku ba koren ganye ba ne, mai duhun ne. Fitilar kuma su fara ɗinka harshen wutar kafin gindin, in ba haka ba za ta karkace. Su bar tazara tsakanin haruffan ƙasa, don yadinku yana shan ruwa ya tsuke.”

Mutumin ya ce zai faɗa musu, amma bai rubuta ba, kuma Mai Baji ya lura. Duk da haka ya ɗauki ɗaurin yadin da kansa ya kai masa har bakin mota, suka yi musabaha. Da ya dawo sai ya tsaya a bayan ƙofa yana shafa sauran ɗauri goman, yana tunanin makarantar da zai fara kira ta zo ta ɗauki nata.