Teburin Gadon Kubura

Malam Junaid ma'aikacin jinya ne, a sashen masu karaya ya yi yawancin aikinsa har ya yi ritaya ya dawo zaman gida a Gyaɗi-Gyaɗi. Bai taɓa riƙe zarto ba sai da matarsa Kubura ta samu shanyewar ɓarin jiki.

Da aka sallamo ta, cin abinci ya zama aiki. Hannun hagu kaɗai ke motsi, faranti kuma ba ya zama a cinya. Ya sayo teburin gado, amma nauyinsa ya fi ƙarfinta, ita kuwa ba ta son kiran kowa ya ɗauke mata. Sai ya ce bari ya haɗa mara nauyi da kansa.

Ƙaninta Sulaiman kafinta ne a Tarauni. Shi ya ba shi katako mai kaurin rabin inci, ya ara masa injin huda da ɗan ƙarfen da ke sa ramin ya shiga a karkace, yadda sukuru zai ɓuya ta ƙasa ya riƙe katako biyu. Ya nuna masa sau ɗaya, ya koma kan aikinsa.

Malam Junaid ya haɗa teburin a zaure da wasu sukurori da ya tsinta a aljihun tebur. Ya yi kyau a ido. Da Kubura ta gama shan kunu a kai, sai ya ga jini a hannunta na dama. Tsinin sukuru ne ya ɗan leƙo ta sama ya karce ta, ita ba ta ma ji ba. Ya wanke wurin ya ɗaure.

Da yamma ya saɓi teburin sai Tarauni. Sulaiman ya shafa wurin da tsinin ya leƙo da yatsa.

"Yaya, wannan sukurun na haɗa gado ne, ya yi tsawo. Katakon rabin inci, sukurun inci ɗaya yake so. Kansa kuma ya zama ƙarami, mai shafaffen ƙasa. Mai kai kamar mazurari tsaga katakon yake yi."

"To zaren jikin sukurun fa? Na ga wani manya, wani ƙanana."

"Katakonka mai laushi ne, manyan zare za su fi kama shi. Kuma ƙarshen ɗaurin da hannu za ka yi, inji zarcewa yake."

Ya dawo da gajerun sukurori ya kwance komai. Kafin ya sake haɗa teburin, sai da ya gwada a guntayen katako har ya tabbata babu abin da ke leƙowa. Kubura ta ɗaga sabon da hannu ɗaya, ta ajiye gefe.

"Malam, wannan kam nawa ne," in ji ta.

Mai zuwa yi mata gashin ƙashi ta ga teburin, ta nemi irinsa don wani tsoho a Daurawa. Daga nan aka san shi. Yanzu zauren ya zama wurin aiki, kodayake ba ya karɓar komai sai teburin marasa lafiya. Kubura ke ware masa sukurori a gwangwanayen madara, gajeru daban, dogaye daban, kuma hannun daman ya fara taya ta.