Takalma a Gaban Bencin Baba Mai Usur

Kafin rana ta yi zafi, Baba Mai Usur ya riga ya zagaye madatsar ruwan nan ta bayan gona. Yana tafe yana dogara gorarsa, yana duba jikin ganuwar ƙasar da ta tare ruwan, ko ɓera ya yi rami, ko wani wuri ya jiƙe da bai kamata ya jiƙe ba. Daga nan ya leƙa bakin bututun da ruwa ke fita, ya cire ciyawa da ledojin da suka maƙale a ragar ƙarfen, sannan ya dawo bencinsa ya zauna, igiya ɗaure da jarka a gefensa.

Madatsar ba ta hukuma ba ce. Wani mai gona ne ya gina ta don ban ruwa, ya ɗauki Baba gadin injin. Da mutane suka mayar da wurin wajen wanka da shan iska, sai ya ɗora wa kansa gadin rayuka, ba tare da kowa ya sa shi ba.

Dokarsa ɗaya ce. Duk mai shiga ruwa sai ya cire takalmansa ya jera a gaban bencin. Ba a barin su a gindin bishiya, ba a ba aboki riƙo. Shi kuma ba ya tashi sai kowane takalmi ya koma ƙafar mai shi.

An sha yi masa dariya. Wani direba ya taɓa ce masa, "Baba, masallaci ka buɗe mana ne?"

"Jera dai, ɗana," in ji Baba. "Waɗanda suka fi ka baki ma sun jera."

Matan da ke wanki a gefen ruwan sun shaida abin da ya faru wata la'asar. Kowa ya fito ya sa nasa, sai wasu baƙaƙen takalma suka rage. Baba ya tambayi na wane ne. Direban nan ya ce na tela ne, ai ya tafi gida tun ɗazu, ka san shi da mantuwa.

"Mutumin da ke goge takalminsa da hannun rigarsa ne zai tafi gida babu su?"

Bai jira amsa ba. Ya busa usur, ya suri igiya, ya bi kan ganuwar da gudun da ba na shekarunsa ba. A bayan ciyayi ya sami telan, a bakin bututun. Ruwa ya matse shi jikin ragar, fuskarsa kaɗai ke sama, muryarsa ta riga ta dushe. Baba ya jefa masa jarka, ya daka wa maza tsawa suka kama igiya, shi kuma ya rufe bututun. Aka fito da tela yana aman ruwa. Da an yarda da maganar mantuwa, da gawarsa aka tsinta da safe.

Yanzu Baba zai tafi. Idonsa ya yi rauni, kuma shi ya fara faɗa. Ya ce yana ganin kawunan masu wanka kamar ƙwarya a kan ruwa, ba ya bambance mai wasa da mai neman ceto. 'Yarsa ta zo ta ce ƙarshen wata za ta tafi da shi gidanta.

To, wa zai zauna a bencin? Ɗan mai gonar, wanda ke riƙe da wurin yanzu, ya ce zai kafa allo a rubuta gargaɗi. Ya ce ai shekara da shekaru ba a taɓa rasa kowa ba. Haba! Ba a rasa kowa ba don me? Allo zai tambayi na wane ne? Allo zai yi gudu? Mu ma da 'ya'yanmu da ƙannenmu ke cika wurin, bakinmu ɗaya: Allah zai kiyaye. Ya kiyaye mana, amma ta hannun wannan tsoho ya kiyaye, kuma mun zauna muna kallo za a janye hannun. Ga zafi ya shigo, ga hutun makaranta ya kusa. Duk wanda bai ji gabansa ya faɗi ba, bai taɓa tsayawa a bakin bututun nan ya ji yadda ruwa ke ja ba.

Baba, kai ne mai ido a kan 'ya'yan wasu. Kai ne ka sha zagin samari don ka kore su daga wuri mai zurfi, washegari suka dawo ka karɓe su da fara'a. Kai ne ka sha rasa jam'in sallar magariba saboda wani ya ƙi fitowa. Iyaye da yawa sun kwana da iyalinsu cikakke ba su san sunanka ba.

Da matan wankin suka tambaye shi me yake so a yi masa na sallama, sai ya girgiza kai. "Ku ba ni mutum," in ji shi. "Ya zo ya zauna kusa da ni kafin in tafi, in nuna masa inda ruwan nan ke yaudara."

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka huta a hannun 'yarka.

Saura mu. A haɗu a je wa ɗan mai gonar, a gaya masa ko ya ɗauki mutum ko ya rufe wurin. Kafin ya amsa, mai hali ya je ya zauna kusa da Baba ya koya. Tela ya riga ya ɗauki gadin yammacin Asabar, yakan rufe shagonsa ya zo. Sauran kwanakin babu kowa, kuma yara ba ranar Asabar kaɗai suke shiga ruwa ba.